Dutsen Kagoro da Dazukan Gindinsa: Tarihin Masu Tsaro da Masu Tsarawa

Duk ranar 1 ga watan Janairu garin Kagoro yakan cika ya batse. Maharba su fito da kwari da baka, masu ƙaho da ganga su biyo bayansu, 'yan asalin garin da ke aiki a Kaduna da Abuja da Legas su dawo gida, mu kuma mutanen Kafanchan mu kwashi kayan sayarwa mu nufi can, mai tsire da mai lemo da mai yadi. Bikin Afan ke nan. Kuma da wuya a tashi taron ba a samu wani daga cikin manyan baƙi ya karɓi lasifika ya ce za a mayar da Dutsen Kagoro wurin yawon buɗe ido da duniya za ta riƙa zuwa gani ba. A tafa, a watse, shekara ta zagayo a sake.

'Yan uwa, kafin a sake tafawa yana da kyau mu san tarihin abin da ake mana alkawari a kansa. Wannan dutse da dazukan gindinsa sun ga masu tsaro iri-iri, sun kuma ga tsare-tsare iri-iri. Wanda ya bi tarihin a hankali zai lura da abu ɗaya: dajin yakan zauna lafiya ne a lokacin da mutanen da ke kwana kusa da shi suke da iko a kansa kuma suke cin moriyarsa. Duk sa'ad da ikon ya koma wani ofishi mai nisa, sai gatari ya shiga.

Mu fara da dutsen kansa. Duwatsun Kagoro gefen tsaunukan Jos ne ta kudu maso yamma, tsayinsu ya haura mita 1,200 daga doron teku. Iskar damina da ke tasowa daga tekun Atilantika tana tafe da laima, in ta zo ta ci karo da wannan katanga sai ta hau sama, ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta a nan. Shi ya sa ruwan da ke sauka a wannan yanki a shekara yakan kai milimita 1,500 ko fiye, kusan ninkin na Kano. Shi ya sa kuma a tsakiyar ƙasar ɗorawa da kaɗanya sai ka tarar da kurmi mai duhu irin na kudu, da loko da maɗaci da kwakwar manja, da tsuntsayen da in ba nan ba sai ka yi tafiya mai nisa kudu kafin ka ji kukansu. Ƙoramun da ke ɓuɓɓugowa daga dutsen su ne ke haɗuwa su gangaro har Matsirga, kusa da Madakiya, inda ruwa ke tsirgowa daga tsayin da ya kai kimanin mita 30. Wanda ya taɓa tsayawa a gindinsa cikin watan Agusta ya san ba a jin maganar na kusa. Daji a kan dutse kamar soso yake: ya sha ruwa da damina, ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan har rani. In aka aske shi, ruwan zai sauko gaba ɗaya da jar laka a watan Agusta, a watan Maris kuma a nemi ƙorama a rasa.

Masu tsaro na farko su ne masu dutsen, wato mutanen Kagoro, waɗanda ke kiran kansu Agworok. Kalmar Afan ma a harshensu dutse take nufi. A nan akwai maganar da ba ta da daɗin faɗa a shafi irin namu, amma tarihi ba ya gyaruwa da ɓoyo. A wajajen 1810 Malam Usman ya kafa masarautar Jama'a, wadda aka sani da Jama'ar Daroro, tana bin Zazzau, kuma cikin gaisuwar da ake kai wa Zariya a ƙarni na 19 har da bayi. Daga ina ake samo su? Daga ƙabilun da ke kewaye. Mutanen Kagoro suka riƙe dutsensu da kogunansa na ɓuya, doki ba ya hawa, mahari ba ya sanin hanya, har Turawa suka zo ba a ci su da yaƙi ba. Haka ne kuma a wannan zamanin fatake Hausawa suna ratsa ƙasar da gishiri da kanwa da tufafi, suna sauka a zango-zango, ana ciniki ana abota. Duka biyun sun faru. Amma wanda yake so ya gane dalilin da ya sa Bakagore ba ya ɗaukar maganar dutsen nan da wasa, to ya tuna cewa dutsen ne ya tsare kakanninsa.

Su ma sun tsare shi. Ba su da takarda, amma suna da doka. Akwai kurmin da na ibadar gargajiya ne, ba mai shiga da gatari. Farauta tana da lokacinta, kuma asalin Afan ke nan: an gama girbi, dattawa sun yi abin da al'ada ta tanada, sannan a buɗe dutse ga maharba. Daga baya ne aka tsayar da bikin a ranar farko ta shekara. Mai karatu ya dubi wannan da kyau. Abin da masana ke kira lokacin rufe farauta da yankin da ba a taɓawa, wanda ake koyarwa a jami'a a yau, mutanen nan suna yinsa tun kafin a haifi kakan wanda ya rubuta littafin. Dokar tana aiki ne don mai hukunci maƙwabcinka ne, ya san gonarka, ya san amyarka, ya san ranar da ka hau dutse.

Sai Turawa suka zo a farkon ƙarni na 20. Sun sha aika sojoji kafin su shawo kan mutanen dutsen, daga bisani suka bar Kagoro a matsayin gunduma mai cin gashin kanta, kamar Jaba da Marwa, ba a ƙarƙashin sarkin Jama'a ba. Wani jami'insu da ya yi aiki a yankin, A. J. N. Tremearne, ya fitar da littafi a 1912 wanda sunansa kaɗai cin mutunci ne, don ya kira mutanen masu wutsiya masu farautar kawuna. Wannan ne karo na farko da aka tallata Kagoro ga duniya, kuma an tallata ta ne a matsayin abin kallo. Ina ganin duk mai shirin kawo baƙi su ɗauki hoton mutane a kan dutsen nan ya kamata a tuna masa da wannan littafi, don ya san akwai tsohon miki.

Abubuwa uku suka sauya fuskar yankin cikin ɗan lokaci. Haƙar kuza ta bunƙasa a tsaunukan Jos da gefensu. Layin dogo daga Fatakwal ya iso, a 1927 Kafanchan ta zama mahaɗa, hannu ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. A 1933 aka dawo da fadar sarkin Jama'a Kafanchan. Garin da ba kowa ya san shi ba ya zama matattarar ma'aikatan reluwe, Ibo da Yarbawa da Hausawa da Nufawa, kakannin da yawa daga cikinmu a lokacin suka sauka. 'Yan mishan na SIM su ma a cikin waɗannan shekarun suka zauna a Kagoro, suka kafa makarantar da ta zama kwalejin tauhidi ta ECWA a yau. Jirgin yana cin kwal ɗin Inugu, amma gari yana cin itace: na girki, na rufin ɗaki, na tokare ramin kuza. Mutanen dutse kuma ana ta matsa musu su sauko fili, inda mai karɓar haraji zai same su ba tare da ya yi haki ba.

Masu tsaro na biyu ke nan suka shigo, su ne masu takarda. Dokar gandun daji ta 1916, zamanin Lugga, da wadda ta gaje ta a 1937, su suka ba gwamnati da En'e ikon keɓe daji. Yadda ake yi shi ne a ba da sanarwa, a turo jami'i ya zauna ya saurari masu cewa suna da hakki a wurin, ya rubuta abin da aka yarda a ci gaba da yi, kamar ɗibar ruwa ko tsintar busasshen itace ko cire magani ko bin tsohuwar hanya, sannan a auna iyaka, a kafa alamu, a buga a gazet. Daga ranar, sare ɗanyen itace sai da izini, kuma ga malamin daji da kakinsa. Ta wannan hanya aka sami gandayen da ke gindin duwatsun nan, irin su Nindam da na Kagoro.

A yi wa Bature adalci: ba don wannan takarda ba, da wataƙila kurmin Nindam bai kai zamanin 'yancin kai ba. Amma an biya farashi. Ikon da ke hannun dattawa ya koma ofis. Mutumin da jiya yake tsare kurmi don nasa ne, yau ya wayi gari yana kallonsa a matsayin dajin gwamnati, kayan gwamnati kuwa kowa ya san yadda ake yi da shi in mai gadi ya juya baya. A ƙasar Jama'a abin ya ƙara da wani ɗaci, domin En'e ta sarki ce, ma'aikatanta da Hausa suke magana, saboda haka ga talakan Kaninkon ko Fantswam, malamin daji wani hannu ne na mulkin da bai zaɓa ba. Ga shi kuma yankin kansa an yi ta yawo da shi tsakanin larduna, yau Nasarawa, gobe Filato, jibi Zariya, kowane da nasa Razdan da nasa fayil.

A 1957 aka fara dashen gandun Nimbia, can kan hanyar Jos kusa da iyakar Filato, fiye da hekta 2,000, akasari itacen tik da aka kawo irinsa daga Asiya. Direbobinmu har yau Fores suke kiran mahaɗar da ke wajen. Nimbia gona ce ta katako da turakun lantarki, kuma ta yi amfaninta. Sai dai kada a rikita ta da kurmi. Ƙarƙashin tik ba abin da ke tsirowa sosai sai tarin busasshen ganye mai jiran wuta. Ana iya sare gonar tik a sake dasawa a girbe a zamanin mutum ɗaya. Kurmin Nindam in ya tafi, ba mai kuɗin da zai dasa shi.

Akwai wata dukiya da ƙasar nan ta fitar wadda labarinta ya isa darasi. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na yumɓu a ƙauyen Nok, ƙasar Jaba. A wajajen 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kan a Jos, wanda aka samo a wurin haƙar kuza kusa da Jama'a, bayan ya yi shekara guda yana aikin mutum-mutumi a gonar doya yana korar tsuntsaye. Fagg ya ga kamannin biyun, daga nan duniya ta san al'adar Nok, wadda binciken masanan jami'ar Frankfurt ta Jamus ya nuna farkonta ya kai shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa. To ina kayan suke? Kan Jama'a ya bar ƙasar Jama'a. Gidan tarihin da Fagg ya kafa a 1952 a Jos aka gina shi. Daga baya 'yan fasa-ƙwauri suka shigo, aka bi ƙauyuka ana haƙa ana fitarwa, har a shekarar 2000 aka ga gumakan Nok a gidan tarihi na Louvre a Paris, aka yi ta cece-kuce kafin Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, aro aka ba ta. Baƙo yana biyan kuɗi a Turai ya ga abin da aka tono a gonar mutumin Jaba, mai gonar kuwa ko kuɗin mota bai gani ba. Yawon buɗe ido da ba a tsara shi da masu wuri ba, haka ƙarshensa yake.

Bayan 'yancin kai labarin gandun daji gajere ne, don abu ɗaya ne ya yi ta maimaituwa. An ƙirƙiro jihohi a 1967, an rushe En'e da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna. Gandun daji ya zama ɗaya daga cikin hanyoyin tara kuɗin shiga: a sayar da izinin sara, kuɗi su tafi Kaduna, abin da ke dawowa don dashe da sintiri bai taka kara ya karya ba. Malamin daji ɗaya ga dajin da sai a yini ana zagaya shi, ba babur, ba alawus. Injin yankan itace mai ɗauka a kafaɗa ya iso, abin da magidanta huɗu ke yi a mako da zarto sai yaro ɗaya ya gama kafin azahar. Jama'a ta ƙaru, gona ta matso. Da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a Disamban 1991, sai ga wata babbar kasuwar gawayi da katako ta buɗe a ƙofar gidanmu, kuma duk lokacin da kananzir ko gas ya yi tsada, kamar yadda aka gani bayan cire tallafin mai a 2023, daji ne ke biyan bambancin.

Masana sun yi nasu. A 1986 wasu masu binciken tsuntsaye uku, Dyer da Gartshore da Sharland, suka wallafa sakamakon aikinsu a gandun Nindam cikin mujallar Malimbus, suka nuna irin tsuntsayen kurmi da ke zaune a wannan ɗan tsibirin daji. A 2001 ƙungiyar BirdLife ta sa Kagoro da Nindam cikin wurare 27 mafi muhimmanci ga tsuntsaye a Nijeriya. Sunan yana cikin littattafan duniya. Amma suna a littafi bai taɓa hana mota ɗaukar gungume ba.

Ta ɓangaren yawon buɗe ido ma takardu ba su yi ƙaranci ba. An kafa hukumar ƙasa a 1976, aka sake mata fasali a 1992, a 2006 aka fitar da babban kundin tsari na ƙasa baki ɗaya da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. Birnin Kaduna tun 1967 Max Lock ya zana masa tsarin shekara 50. Dutsen Kagoro kuwa rabonsa shi ne hotonsa a kalanda da ƙasidun gwamnati, shi da Matsirga da Nok. In ana son misalin abin da ke faruwa in an zuba kuɗi ba a kafa tushe ba, a dubi Obudu a jihar Kuros Riba, inda aka kafa motar igiya mai hawa dutse a 2005, aka yi ta yayatawa, daga baya ta riƙa shafe dogon lokaci a tsaye. In ana son wanda ya fi muni, ga Kamuku a Birnin Gwari, cikin jiharmu: gandun daji tun 1936, ya zama gandun ƙasa a 1999, sannan ya zama mafakar 'yan bindiga. Dajin da mutanen kirki suka daina shiga, wasu ne za su shiga.

Wannan ya kawo mu kan abin da kowa ya sani amma ba a so a faɗa a wurin biki. Baƙo ba ya zuwa inda yake tsoro. Rikicin Maris 1987 daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya tashi. An sake a 1999 kan naɗin sarki, an sake bayan zaɓen 2011, inda kasuwar garin nan ta ƙone. Ƙarshen 2016 ƙauyuka sun sha wuta. A Fabrairun 2017 aka sace Farfesa Peter Breunig da abokin aikinsa a Janjala, ƙasar Kagarko, suna tsakiyar aikin tonon Nok, aka kashe mutum biyu 'yan yankin da suka bi sawu. A Afrilun 2019 aka kai hari gidan shaƙatawa na Kajuru aka kashe baƙi biyu. A 2022 Kagoro kanta ta binne mutane da dama, a Maris da kuma Disamba. Kowane gida a yankin nan, na Musulmi da na Kirista, na manomi da na makiyayi, yana da wanda yake tunawa. Allah ya kiyaye gaba. Abin da ya shafi maganarmu shi ne, da yawa daga cikin waɗannan fitinu a ƙauyuka kan ƙasa da ruwa da burtali suke farawa, wato kan abubuwan da tsarin yanki ya kamata ya warware tun farko. Tsaron daji da zaman lafiya a nan aiki ɗaya ne.

Akwai wurin da aka gwada wata hanya, kuma ba nisa. A Laminga, gabas da Jos, akwai ɗan gandun Amurum, kimanin hekta 300 kacal. A 2001 aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a wurin, bisa yarjejeniya tsakanin mutanen ƙauyen da Jami'ar Jos da Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya. Daji ya ci gaba da zama na mutanen Laminga, 'ya'yansu aka ɗauka aikin gadi da rakiya, wasunsu suka ƙware har suna gane tsuntsu da kukansa. Ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma suna zuwa yin digiri na biyu. Ba otal mai hawa goma, ba motar igiya. Wanda ya tsaya a bakin iyakar gandun ya dubi ciki ya dubi waje, ba sai an yi masa bayani ba. A ƙasar Ruwanda kuwa, inda baƙo ke biyan dala 1,500 don ya hau dutse ya ga goggon biri, doka ce tun 2017 a ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gandayen ga ƙauyukan da ke kewaye. Ba mu da goggon biri, kuma kada kowa ya yi mafarkin irin wannan kuɗi. Abin ɗauka shi ne rubuta rabon tun kafin kuɗi su zo.

Wahalar tamu ita ce abin da baƙo zai gani a tafiya ɗaya a warwatse yake a hannun hukumomi da yawa. Dutsen yana ƙaramar hukumar Kaura, tasha da kasuwa da masaukai suna Jama'a, Nok tana Jaba, bayan duwatsun kuma ya dangana da jihar Filato. Ga masarautar Kagoro, ga ta Fantswam, ga ta Kaninkon, ga ta Jama'a, ga ta Marwa, kowace da iyakarta da take kishi. Gandun daji na ma'aikatar jiha ne, kayan tarihi na hukumar tarayya ne, layin dogo ma haka. Ruwa kuwa bai san wannan ba. In aka aske kan dutse a Kaura, a Matsirga za a gani. A 2021 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta kafa hukumar raya birnin Kafanchan wadda ta haɗa yankunan Jama'a da Kaura a inuwa ɗaya, amma hankalinta ya tafi ne kan tituna da gyaran cikin gari. Abin da ya fi kama da teburin da ake bukata shi ne wanda aka zauna a kansa a Maris 2016, lokacin da wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar, Jama'a da Kaura da Sanga da Kachia da Zangon Kataf, suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan. Ba ta hana jini zuba a ƙarshen shekarar ba, gaskiya ne. Amma ta nuna ana iya tara mutanen nan a ɗaki ɗaya, da Hausawa da Fulani a ciki.

To mu ina muka tsaya? Dutsen na mutanen Kagoro ne, kuma a ganina babu abin da zai ɓata maganar nan da wuri kamar a ji wata ƙungiyar Hausawa tana neman kujera a kan mallakarsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su za su faɗi inda baƙo zai taka da inda ba zai taka ba, mutum nawa hanya za ta ɗauka a rana, wane kogo ne ba a ɗaukar hotonsa, da yaushe za a sa wuta. Har yau akwai masu zama a kan dutsen, su ne farkon waɗanda za a tambaya. Namu rabon yana ƙasa, kuma ba ƙarami ba ne. Buhun gawayi ba ya kai kansa Abuja. Akwai dillali, akwai mai mota, akwai mai rumfar katako, kuma mun san da yawansu da mu suke sallah. Ba su kaɗai ba ne a harkar, ai wanda ya nuna itacen da wanda ya sa hannu a takardar izini su ma suna nan. Amma ƙungiyoyin 'yan katako da na direbobi da na 'yan kasuwa suna da ikon da malamin daji ba shi da shi: za su iya cewa ba ma sayen itacen da ya fito daga Nindam. Hana mai gawayi sana'a ba tare da an ba shi wata ba zalunci ne, kuma ba zai ɗore ba. Abin da zai ɗore shi ne filayen dashe na malaina da makamantansu a wajen gandu, na unguwa ko na ƙungiya, waɗanda za a riƙa sara bi da bi. Haka makiyayi: in an ce kada shanu su shiga kurmi, sai a nuna masa burtali da mashaya, a kuma hana a nome su.

Riba ma a ƙasa take. Baƙon da ya sauko daga dutse a Kafanchan zai kwana, a nan zai ci, a nan zai sayi zuma da citta da acca, ɗan acaɓanmu ne zai kai shi Matsirga. Manoman citta da cutar 2023 ta cinye wa gonaki sun san haɗarin dogaro da abu ɗaya. Kuma baƙon farko da za a nema ba Bature ba ne. Ɗaliban sakandare ne daga Kaduna da Jos, da ma'aikatan Abuja masu neman inda za su sha iska ranar Asabar, da 'ya'yanmu da aka haifa a gindin dutsen nan ba su taɓa hawansa ba. Waɗannan ba sa bukatar filin jirgin sama. Hanya mai alama suke bukata, da ɗan rakiya da aka horar, da banɗaki mai tsabta, da rasit na gaskiya a bakin ƙofa. In Allah ya sa gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri da aka ƙaddamar a Maris 2021 ya iso tasharmu, wannan ƙari ne, amma ba abin jira ba ne.

Aikin farko ma ba ya bukatar ɗan kwangila. Fayilolin lardunan Filato da Zariya na zamanin En'e suna Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, gazet ɗin da aka buga iyakokin gandaye a ciki ma ba ɓata ya yi ba. Reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke nan Kafanchan yana da sashen aikin gona da na nazarin muhalli, da ɗaliban da kowace shekara suke neman abin da za su rubuta a kai. A ɗauko tsohuwar taswira, a ɗora ta kan hoton tauraron ɗan Adam na bana, sannan a fita da rani a bi iyakar da ƙafa: dattawan ƙauyukan da ke kewaye, da arɗo, da wakilin 'yan katako, da malamin daji. Inda alamar iyaka ta faɗi a tayar da ita, inda gona ta shekara 30 a ciki a zauna a yi magana da mai ita, a rubuta abin da ya rage na kurmi hekta nawa ne, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafinsa.